Ranar Da Na Kulle Baƙon Alhaji A Tsohon Bariki

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar da na kai baƙo kallon tsohon barikin soja a Maraɗi. Ko na so in manta ma, akwai mutanen da suka ɗaukar wa kansu aikin tuna min har ƙarshen raina.

Bari in fara da kaina, tunda ni ne mai laifin. Ni Bagobiri ne, haifaffen Tsibiri, malamin lakwal, wato makarantar boko. Kullum da safe nakan hau ɗan motona mai ƙafa biyu in shigo Maraɗi in koyar da tarihi, da yamma in koma gida. Ba ni da zanen Gobirawa a fuska (mahaifina ya ce zamaninsa ya wuce), sai Allah ya mayar min da rabona a baki. Ina da surutu, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. In kuwa na yi gamo da Bazabarme, to ranar ta yi min kyau. Ga wanda bai sani ba, tsakanin Bagobiri da Bazabarme akwai wasa tun kaka da kakanni. Ka tsokane shi son ranka, ka ƙwace masa hula, ka kira shi bawanka, ba shi da ikon yin fushi, sai dai ya rama. Babu ruwan wasan da shekaru ko muƙami. Na taɓa cinye wa wani babban ma'aikaci tsirensa a tasha yana kallo, abin da ya iya yi kawai shi ne ya ja min Allah ya isa yana dariya. A wannan fage ina ji da kaina ƙwarai.

A lokacin ina neman auren Rakiya, 'yar wani Alhaji mai sayar da atamfa da shadda, gidansu a unguwar Zariya. Malamin lakwal mai moto yana neman 'yar attajiri, ai kun san dama a tsaye nake da ƙafa ɗaya. Alhaji bai kore ni ba, bai kuma ce ya ba ni ba. Ya ce maganar tana hannun wansa. Rakiya ta yi min bayani filla-filla: wan mahaifinta, wanda suke kira Baba Babba, yana zaune a Yamai, zai zo ƙarshen wata don ya gan ni. “In ya ce e, an gama,” in ji ta. “In ya ce a'a, ko Alhaji bai isa ya ɗaga kai ba. Don Allah ranar ka rage surutu.”

Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Na kai sabuwar shadda wurin tela. Na riƙa gwada durƙuso a ɗakina, ina koyon magana ƙasa-ƙasa kamar marar lafiya. A raina na gama zana Baba Babba: ƙaton mutum mai tumbi, babbar riga, ƙatuwar mota mai baƙin gilashi. Na shirya masa tsaf, saura kawai ƙarshen wata ya yi.

Asabar ɗin da nake magana a tsakiyar wata take. Na biya kantin Alhaji bayan azahar in gaishe shi, kamar yadda na saba. Sai na tarar da wani siririn tsoho zaune a kan dilar atamfa, da doguwar riga marar guga da wata tsohuwar hula, yana waya da Zabarmanci, yana ɗaga murya kamar wanda yake magana da shi yana tsallaken kogi. Nan take na ji bakina ya soma ƙaiƙayi. Na daure saboda idon Alhaji, na durƙusa na gaishe su.

“Mushe, ka zo a daidai,” in ji Alhaji (haka ake kiran malamin lakwal a wurinmu). “Ga baƙo nan daga Yamai, jiya ya sauka. Shina son ganin tsohon barikin can na cikin lambu. Ni kuwa ka ga kasuwa. Tunda kai ne mai tarihi, ka kai shi.”

Da tsohon ya miƙe, Alhaji da kansa ya sunkuya ya juya masa takalmi. Na gani da idona. Mai hankali a nan zai tsaya ya yi tunani. Ni kuwa sai na ce a raina, lallai wannan Bazabarmen babban mai sari ne, dubi yadda ake lallaɓa shi.

Muna barin layin 'yan atamfa, yana zaune a bayana kan moto, na waiwaya na gaishe shi da Zabarmanci na ce, “Fofo, bawana. Riƙe ni da kyau, kar ka faɗi a ce na yi asarar dukiya.”

Ya ce, “Kai Bagobiri ne?”

“Ubangidanka ne,” na ce.

“To, madalla,” in ji shi. Hausarsa tana da ɗan karyewar harshe irin na mutanen Yamai, abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa. Tun daga nan har ƙofar lambu ban ba shi hutu ba. Na ce na ji labarin a garinsu in an yi baƙo sai an je maƙwabta aron tukunya. Na nuna masa wani jaki na ce ya gaida ɗan'uwansa. Shi dai daga “to” sai “madalla”.

Lambun wuri ne da mutane ke zuwa shan iska da yamma. Akwai itatuwan bedi, da bencunan siminti, da ɗalibai masu bitar karatu, da wata mata mai suyar ƙosai kusa da ƙofa. Can ƙarshensa ne ragowar barikin yake. Abin da ya saura bai da yawa: wani ƙaton bangon ƙasa mai kauri wanda ruwan sama ya zaizaye, da ƙananan kafofi a jikinsa inda ake zura bindiga, da guntun wata hasumiya da ta zube ta bar gindi. A kusurwa akwai wani ɗan ɗaki guda da ya tsira, an sa masa ƙofar ƙarfe daga baya, gardin wurin yana ajiye tsintsiya da bokiti a ciki. Na san sarai ginin zamanin Turawan mulki ne, a aji ma haka nake faɗa wa yara. Amma ina tare da Bazabarme, don haka na gyara tarihin yadda zai dace da ranar.

“Ka ga wannan bango?” na ce. “Gobirawa suka sa aka gina shi don su riƙa tara irinku.”

Ya matsa kusa da bangon a hankali, ya ɗora tafin hannunsa a kai, ya tsaya. Ya daɗe a haka.

“Shafa da kyau,” na ce. “Kakanka ne ya kwaɓa lakar nan, nawa yana zaune a inuwa yana ba da umurni.”

Ya juyo ya dube ni, wani dogon kallo da ban gane ba a lokacin. Ya ce, “Haka ne. Kakana ya kwaɓa.”

Na kwashe da dariya, na ce Allah ya nuna min ranar da Bazabarme ya amsa gaskiya da bakinsa. Ya tambaye ni ko na san inda aka ɗebo ƙasar ginin. Na ce ya tambayi wuyan kakansa. Ya ce, “Ɗan ba ni wuri kaɗan, yaro.” Ni kuwa na ɗauka ya sha wuya ne yana neman numfashi, kuma a wasan nan ba a barin abokin karawa ya numfasa. Na miƙa hannu na cire hularsa na ɗora a kaina.

Mutane suka fara taruwa. Wani ɗalibi ya tambaya lafiya, na ce, “Bagobiri ne ya kama nasa.” Nan take kowa ya gane, aka hau dariya ana zuga ni. Mai ƙosai ta bar kaskonta ta matso da matsami a hannu. Ni kuwa a ba ni 'yan kallo, an gama da ni. Na riƙa zagaya tsohon ina yi wa jama'a bayanin irinsa da farashinsa a kasuwa.

Don ya kauce wa hayaniyar, ina ji, sai ya leƙa ɗan ɗakin nan na kusurwa, ya shiga yana duba rufin. Wallahi ban yi shawara da kowa ba, hannuna ne ya riga hankalina. Na jawo ƙofar ƙarfen, na tura sakata da ƙarfi.

Jama'a suka ɗauki shewa. Ƙofar tana da 'yar taga mai sandunan ƙarfe, fuskarsa ta bayyana a nan. Na ce ba zai fito ba sai ya ce “Bagobiri ne sarkina” sau uku. Bai ce ba, bai kuma yi fushi ba. Ya dai tsaya yana kallona kamar mai duba tunkiyar da zai saya. Na juya na jingina da ƙofar, hularsa a kaina, fuskarsa a bayana, na ɗauke mu hoto. Kuma saboda abin daɗi ba ya cika sai an nuna wa masoyi, na tura wa Rakiya, na rubuta a ƙasa: “Na kama wani bawan Alhaji. Ki ce ya aiko da goron fansa.”

Ban kai ga mayar da wayar aljihu ba ta yi ƙara.

“Ina kake?” in ji Rakiya. Ko sallama babu.

“Ina bakin aiki,” na ce, ina ƙifta wa jama'a ido.

“Buɗe shi! Buɗe shi yanzu! Baba Babba ne!”

Na ce wane Baba Babba. Ta ce Baba Babba nawa gare ta. Na ce ai ƙarshen wata ta ce min. Ta ce ya sauya shawara, jiya ya iso, kuma shi ya hana a faɗa min don yana son ya ga halina ba tare da na shirya ba. Na ce, da 'yar muryar da ta rage min, “Amma Zabarmanci yake yi.” Ta ce tun yana ɗan shekara bakwai aka kai shi riƙo Yamai, da wane yare nake so ya yi waya? Bakatsine ne kamar ubanta, babu wasan komai tsakanina da shi. Sai ta fashe da kuka ta kashe wayar.

Mutumin da ya kamata in tsuguna tun daga nesa in gaishe shi, wanda ko cin abinci bai kamata in yi a gabansa ba, shi ne na kwatanta da jaki, na yi masa farashi, na kulle shi tare da tsintsiya. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Gwiwoyina suka yi abin da na yi ta koya musu a ɗaki, na zube a gaban ƙofar na ce, “Baba, ina wuni. An zo lafiya?” (Hularsa tana kaina har lokacin. Na manta da ita sam.)

“Lahiya lau,” in ji shi ta taga. “In ka gama gaisuwa ka buɗe.”

Na miƙe na kama sakata. Ta ƙi. Na ja, na girgiza, na sa ƙafa a bango na ja da hannu biyu. Sakatar ta yi tsatsa, ga shi na tura ta da ƙarfin nishaɗi, ta shige inda ta daɗe ba ta shiga ba. Gardi kuma ya tafi sallar la'asar. Jama'a suka ga Bagobirin da ke cika baki yana zufa yana kiran bawansa Baba, suka fara tambayar juna. Mai ƙosai ce ta fara ganowa. Ta dafa ƙirji ta ce, “La ilaha! Jama'a, surukinsa ne!”

Dariyar da aka yi a da, da ni aka yi ta. Wannan kuwa a kaina aka yi ta, kuma ta fi ta farko nisa. Wani ɗalibi har da zama a ƙasa. Sai da gardi ya dawo, mai ƙosai ta ɗiga man suya a sakatar, aka yi ta bugu da dutse, sannan ƙofa ta buɗe. Baba Babba ya fito da yanar gizo a kafaɗa, ya kakkaɓe rigarsa, ya miƙo hannu ya ce, “Hulata.” Na ba shi da hannu biyu.

Dole kuma ni zan mayar da shi gida. Daga lambun zuwa Zariya ba nisa, amma ranar na ji kamar Yamai zan kai shi. Abin da ya ce a hanya ɗaya ne tak: “Hankali da rami.”

Kwana uku ban ji daga kowa ba. Rakiya ba ta ɗaukar waya. Na riƙa shiga aji ina koyar da abin da ni kaina ban san me nake faɗa ba. Na haƙura a raina cewa na rasa ta, kuma da bakina na rasa ta. A rana ta huɗu aka aiko in zo.

Na same shi a falon Alhaji, shi a kujera, Alhaji a ƙasa kan darduma. Na rakuɓe kusa da ƙofa. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, ya ɗaga hannu.

“Wasan bai dame ni ba,” in ji shi. “Cikin Zabarmawa na tashi, na sha abin da ya hi wannan a hannun Gobirawa. Amma ka san mi ya kai ni wurin nan?”

Na girgiza kai.

“Kakanmu, ni da wanga,” ya nuna Alhaji, “daga gonarshi ta Jiratawa anka kamo shi aikin tilas. Shi da wasu sunka ɗauko ƙasar bangon nan a ka, har gashin tsakar kanshi ya ƙare bai sake hitowa ba. Babanmu ya ba ni labarin ana gobe za a tahi da ni Yamai. Shekara da shekaru ina zuwa garin nan ban taɓa taka wurin ba, zuciyata ba ta so. Bana na ga na tsuhwa, na ce bari in je in dahwa bangon in yi mashi addu'a. Ban samu na yi ba. Ka hana ni.”

Wannan ta fi dariyar lambu ciwo. Na tuna yadda na ce masa ya tambayi wuyan kakansa, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da nake koyar da aikin tilas a aji, har in sa yara su rubuta shi a jarrabawa, ban taɓa kawowa a raina cewa mutanen da suka ɗauki ƙasar suna da jikokin da ke yawo a gari ba.

“Gobe da la'asar za ka maishe ni,” in ji shi. “Daga ƙohwar gidan nan har mu dawo, in ka ce uffan, ba kai ba Rakiya.”

Na ɗaga kai alamar na yarda. (Na fara tun daga lokacin, don kar a samu matsala.)

Washegari na zo da wuri. Na ɗauka abu ne mai sauƙi, ashe tsohon ya shirya min. A ƙofar lambu wani dattijo mai ƙiba yana jiranmu, abokinsa ne, Bazabarme na gaske wanda ba a tantama. Yana ganina ya washe baki ya ce, “Wannan ne bawan?” Ya cire min hula ya sa a aljihu. Ya ce a Tsibiri in an haifi yaro, baki ake fara yi masa, hankali sai in ya saura. Ya tambayi mai ƙosai nawa za ta saye ni, ta ce ko kyauta ba ta so, ba ta da wurin ajiye surutu. Amsoshi suka yi ta zuwa min har bakin haƙora, masu kyau, irin waɗanda ba a samu kullum. Na haɗiye su ɗaya bayan ɗaya, har idona ya kawo ruwa.

Da muka isa bangon, dattijon ya yi shiru don kansa. Baba Babba ya tuɓe takalmi, ya dafa ƙasar da hannu biyu, ya sunkuyar da kai. Leɓɓansa suna motsi. Can na ga kafaɗunsa suna rawa. Daga nan shirun bai ƙara yi min wuya ba. Na tsaya a bayansa na ɗaga hannu ni ma, na yi wa wani manomin Jiratawa da ban san sunansa ba addu'a a zuci.

Muka koma gida. Sai da Baba Babba ya sauka ya tsallaka ƙofa, ya juyo ya ce, “Yanzu kana iya magana.” Na nemi abin faɗa na rasa. Ya dubi Alhaji da ya fito tarbarsa ya ce, “A ba shi. Shina iya yin shiru, in an matsa mashi.”

An ba ni ɗin. A dangin Rakiya har yau ba mai kirana da sunana, Gardi suke ce min, kuma duk bikin da aka taru sai wani ya tambaye ni ko na zo da sakata. Ina amsawa da dariya, don na ci bashin abin da ya fi haka.

Kar wani ya ɗauka na daina wasa. Ban daina ba, kuma Zabarmawan Maraɗi shaida ne. Abin da ya sauya kaɗan ne. Yanzu kafin in taɓa hular mutum sai na tambayi garinsu da na ubansa, in da hali har da na kakansa. In kuma na ga mutum ya dafa bango ya yi shiru, ko da Bazabarme ne mai takardar shaida, nakan koma gefe in jira ya gama. Bayan nan nake fara zaginsa.